Yawon Sallah a Zariya

Yawon sallah al'ada ce ta yaran Hausawa, inda suke bin gidajen dangi da maƙwabta a ranakun ƙaramar sallah da babbar sallah, su gaishe da manya, su kai abinci, a ba su goron sallah. A Zariya, fadar masarautar Zazzau, ana fara shi bayan saukowa daga Idi, ranar 1 ga Shawwal ko 10 ga Zulhijja. Yakan ɗauki kwana uku, a wasu gidajen har mako guda.

Asali

Ana kyautata zaton al'adar ta girmi jihadin farkon ƙarni na 19, tun da Musulunci ya shigo Zazzau a wajajen ƙarni na 15 zuwa na 16. Tushenta shi ne babban gida. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza masu aure suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, maigida kuma ya ɗauki nauyin haraji da aurar da samari. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya yi bayanin wannan tsari. Gida ɗaya kan ƙunshi zaure da shigifa da sassa da yawa, kowane sashe da magidancinsa da iyalinsa, duk ta ƙofa guda suke fita.

'Ya'ya mata kuwa aure ke raba su da gidan. Wata ta tare a Kwarbai, wata a Anguwar Juma, wata a Kaura ko Limancin Kona, duk unguwannin cikin birni. Da yake matan aure a cikin birni ba su cika fita da rana ba, yara ne 'yan aikensu. Su ke ɗaukar kwanon tuwo daga uwa zuwa ga 'yar'uwarta, su dawo da amsar gaisuwa. Ta haka yaro ke sanin wace ce gwaggo, wane ne kawu, da kuma ta inda aka haɗu.

Zuwan jirgin ƙasa a wajen 1911 ya haifar da Sabon Gari, Tudun Wada ta bunƙasa a bayan ganuwa, Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962. Aiki da karatu suka janye Zagezagi da yawa daga cikin birni. Daga nan ne zuwa gida hutun sallah ya samu gindin zama, wato ma'aikaci ya kwaso iyalinsa ya kawo su gidan kakanni. Yaran da aka haifa a Kaduna ko Legas sukan kwana jere a kan tabarmi a ɗakin kaka tare da 'yan'uwan da ba sa gani sai shekara-shekara, kuma manya da yawa kan ambaci waɗannan kwanaki cikin mafi daɗin ƙuruciyarsu.

Yadda ake yi

Shiri na farawa tun cikin azumi da kai ɗinki wurin tela. Ana jajibere a yi wa 'yan mata kitso da lalle, samari su yi aski. Ranar sallah akan dafa tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, ko funkaso, ga alkaki da dubulan da nakiya na baƙi. A babbar sallah naman layya ne kan gaba, ɗanye da soyayye.

Yara kan fita rukuni-rukuni, babbar yaya ko wa na jagora. Kakanni ake fara gaisarwa, sannan baffanni da gwaggonni, kafin a wuce dangin uwa. A durƙusa a ce, "Barka da sallah, Gwaggo," ita kuma ta amsa da "Allah ya maimaita mana, Allah ya yi muku albarka." Wurin kaka ana samun wasa: tsohuwa ta kira jikanta namiji maigidanta, ta ce bai kawo cefane ba, jikarta mace kuma kishiya. Taubasai, 'ya'yan wa da ƙanwa, su ma ranar tsokanarsu ce. Yaron da ya tashi cikin dangi masu yawa ba ya gama zagaye a yini ɗaya, kuma duk gidan da ya shiga sai an kira shi da sunan ubansa ko na kakansa. Wannan ni'ima ce babba, domin gidajen nan su ne ke tsaya masa ranar aurensa da ranar da ya yi rashi.

Goron sallah

A da goro ne na gaske, ko kuɗin wuri. Zamanin Turawa aka koma anini da kwabo da sisi, sai naira da ta fito a 1973. An fi son sabbin takardu. Uwa ce ma'ajiyar ƙanana, manyan yara kuma su sayi alewa ko su zuba a asusu.

Kallon hawa

Yawon kan haɗu da kallon dawaki. Sarkin Zazzau na yin Hawan Sallah daga filin Idi na Ƙofar Doka zuwa fada, sai Hawan Bariki da Hawan Daushe a kwanakin da ke biye. Yara da yawa sun tashi suna kallon hawan marigayi Sarki Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020.

Halin da ake ciki

Rabon gado da gina gidaje a sababbin unguwanni sun rage manyan gidaje. Keke Napep da wayar salula sun maye gurbin tafiyar ƙasa a wurare da dama. Wasu iyaye na hana shiga gidan da ba na dangi ba saboda tsaro, wasu kuma na ganin karɓar kuɗi na koya wa yaro roƙo. Masu goyon bayan al'adar na cewa sada zumunci ne.