Mene ne "oto-bulok" a wasan faɗan takobi?

Wanda ya taɓa Mount & Blade, wasan kwamfuta na kamfanin TaleWorlds da ke ƙasar Turkiyya, ya san faɗan cikinsa ba na danna maɓalli barkatai ba ne. Hari ta fuska huɗu yake zuwa: sara daga sama, sara daga dama, sara daga hagu, sai suka ta gaba. Idan ba ka riƙe da garkuwa, da makamin hannunka za ka tare, kuma sai ka tare ta daidai inda harin ya fito. Ka kai takobi hagu alhali gatari na saukowa daga sama, to ka sha shi a ka.

A nan oto-bulok ke shigowa, wato tarewa ta atomatik. Zaɓi ne a cikin saitin wasan. Idan ka kunna shi, kai dai ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta, wasan ne zai duba inda abokin gaba ya ɗaga hannu ya juya maka makaminka can. Idan ka kashe, sai ka ja linzamin da kanka zuwa ɓangaren da kake zato, sannan ka danna.

Sunan yana ruɗar mutane, har wasu su ɗauka wasan ne ke yi maka faɗan. Alƙibla kawai yake zaɓar maka, lokacin dannawa yana wuyanka. Ka yi jinkiri, an sare ka. Kuma a Warband, wani sabon fitowar wasan na 2010, gwanaye sun san lagonsa: mutum zai ɗaga takobi kamar zai saro ta dama, kai ka danna ka riƙe, sai ya fasa ya dawo ta hagu. Makaminka na can inda aka fara ajiye shi. Sai ka saki ka sake dannawa, in ka samu sarari. Haka idan mutum uku suka yi maka taron dangi, hari ɗaya za ka iya tarewa a lokaci guda.

Da Bannerlord, kashi na biyu na wasan, ya fara fita a watan Maris na 2020 babu wannan zaɓi, sai bayan 'yan wasa sun yi ta ƙorafi aka saka shi ga mai wasa shi kaɗai da kwamfuta. Masu adawa na cewa yana kashe gwaninta, kuma a karawar mutum da mutum ta intanet ina tare da su, don karanta hannun abokin karawa shi ne daɗin wasan. Amma wanda ya zo don kafa daula da jan runduna a Calradia, ƙagaggiyar nahiyar da ke cikin wasan, ko mai ciwon hannu, ko mai fama da tsohuwar kwamfuta da hoto ke sarƙewa, ban ga wanda ya cuta ba idan ya kunna abinsa.