Aikin sa-kai da rashin matsugunin 'yan mazan jiya a Amurka

Rashin matsugunin 'yan mazan jiya a Amurka shi ne halin da wasu tsofaffin sojojin ƙasar ke faɗawa bayan sun tuɓe kaki, inda suke kwana a bakin titi, ko cikin mota, ko ƙarƙashin gada, ko a gidajen kwana na wucin gadi. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta shekarar 2010 ta samu kimanin mutum 74,000 a wannan hali cikin dare guda. Ta watan Janairun 2024 kuwa ta samu 32,882, wato ragin ya haura rabi. A shekarar 2024 ɗin ce kuma yawan marasa matsuguni a ƙasar baki ɗaya ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari, ya wuce 770,000. Kuɗin gwamnati ne ke biyan hayar gidajen da aka sa tsofaffin sojojin, amma nemo mutum, da sanin sunansa, da haɗa masa takardu, da raka shi har ya saba da sabon gida, aiki ne da mutanen gari suka ɗauki kaso mai yawa nasa ba tare da albashi ba. A nan "sa-kai" na nufin aikin taimako na kyauta, ba sintirin tsaro da aka san 'yan sa-kai da shi a wasu sassan arewacin Najeriya ba.

Asalin matsalar

Matsalar ta fito fili ne a shekarun 1980, lokacin da aka riƙa ganin waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam suna kwana a titunan manyan birane. Dalilan sukan haɗu wa mutum ɗaya: firgicin da yaƙi ke bari a zuciya, raunin ƙwaƙwalwa daga bugun fashewar bam, shaye-shaye, mutuwar aure, da rabuwa da dangi. A kan waɗannan duka akwai tsadar haya, shi ya sa jihar Kalifoniya kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojojin da ba su da matsuguni. Akwai kuma batun takardar sallama daga aiki, wadda ake kira DD-214. Ita ce shaidar cewa mutum ya yi soja, kuma irin sallamar da aka rubuta a cikinta ke nuna tallafin da ya cancanta. Wanda ya shekara yana yawo da jaka ɗaya a titi, da wuya takardar nan ta tsira daga ruwan sama ko ɓarayi.

A watan Nuwamban 2009, Janar Eric Shinseki mai ritaya, wanda ke riƙe da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji a gwamnatin Barack Obama, ya yi alkawarin kawar da matsalar cikin shekara biyar. Wa'adin ya cika ba a kai ga haka ba, sai dai daga nan ne kuɗi da tsari suka fara zuwa da gaske.

Taron Stand Down

Aikin sa-kai mafi suna a wannan fage shi ne taron da ake kira Stand Down. Sunan daga bakin sojoji ya fito: a Biyetnam, idan runduna ta jigata a fagen daga, akan janye ta zuwa sansani mai tsaro na 'yan kwanaki, sojoji su yi wanka, su sauya kaya, su ci abinci mai zafi, su ga likita, su karɓi wasiƙun gida. Wasu tsofaffin sojoji biyu, Robert Van Keuren da Dakta Jon Nachison, su ne suka ɗauko wannan al'ada suka shirya taron farko a birnin San Diyego a 1988. Aka kafa tantuna irin na soja, aka gayyato marasa matsuguni su yi kwana uku, aka kuma tara musu duk abin da suke buƙata a fili guda.

Hikimar abin ita ce, mutumin da ba shi da mota, ba shi da adireshi, ba zai iya zagaya ofisoshi goma a sassa daban-daban na birni ba. Don haka sai ofisoshin su zo inda yake. Likitoci da likitocin haƙori da masu aski da lauyoyi da masu dafa abinci duk sukan zo su yi aiki kyauta. A 1989 aka ƙara wani abu da ya zama abin koyi: kotu ta zauna a cikin filin taron, don a warware ƙananan laifuffuka da tarar da ta taru a kan mutane, irin su kwana a inda aka hana. Waɗannan ƙananan shari'u ne ke hana mutum samun lasisin tuƙi ko aiki ko gidan haya, kuma tsoron kamu ne ke hana shi zuwa kotu da ƙafarsa. Daga wannan zama aka samo kotunan marasa matsuguni da suka bazu a wasu jihohi. Shi ma taron ya bazu a faɗin ƙasar, ko da yake da yawa yanzu na yini ɗaya ne.

Masu suka na cewa kwana uku na abinci da aski ba ya sa kowa a gida, kuma da gaskiyarsu. Amfanin taron na gaske shi ne yadda yake jawo mutanen da suka daina amincewa da hukuma, a rubuta sunansu, a haɗa su da jami'in da zai bi lamarinsu bayan an naɗe tantuna.

Ƙidaya da rajistar sunaye

Alƙaluman da ake ambato duk sun samo asali ne daga ƙidayar dare ɗaya da Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ke buƙata a kwanaki goma na ƙarshen Janairu, tsakiyar hunturu. Masu aikin sa-kai ne mafi yawan masu fita. Akan raba su rukuni-rukuni da taswira, su bi lunguna da tashoshin mota da gefen koguna da dare ko da asuba, suna tambayar duk wanda suka tarar ko ya taɓa yin soja.

Ƙidaya tana ba da adadi ne kawai. Gangamin samar da gidaje 100,000, wanda ƙungiyar Rosanne Haggerty, mai fafutukar samar wa marasa matsuguni gidaje, ta jagoranta daga 2010 zuwa 2014, ya kai abin gaba: 'yan gari su fita da asuba kwanaki a jere, su rubuta sunan kowane mutum da rashin lafiyarsa da tsawon zamansa a titi, a fara ba wanda ya fi kusa da halaka gida. Daga nan aka samu tsarin rajistar sunaye da ake sabuntawa a kai a kai, inda ƙungiyoyin gari ke zama suna bin mutum ɗaya-ɗaya.

Birnin New Orleans ya nuna yadda hakan ke aiki. Bayan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Michelle Obama, ta ƙalubalanci magadan gari a watan Yunin 2014 su kawar da rashin matsugunin tsofaffin sojoji, magajin garin Mitch Landrieu ya nemi sojoji masu aiki da tsofaffin sojoji su shiga cikin masu fita nema da dare, domin tsohon soja ya fi sakin jiki da wanda ya san bariki. A Janairun 2015 birnin ya sanar da cewa ya sa mutum 227 a gida, ya zama babban birni na farko da ya cim ma burin. Jihar Bajiniya ta bi sahu a watan Nuwamban shekarar, sannan Connecticut da Delaware. "Kawarwa" a nan ba ta nufin ba wanda zai sake rasa gida. Ma'anarta ita ce gari ya san kowa da sunansa, kuma yana da halin sa sabon da ya faɗa titi a gida cikin ɗan lokaci, galibi kwana 90.

Gida tukuna

Tsarin da ya ɗauki nauyin wannan ragi shi ne na "gida tukuna", wanda masanin halayyar ɗan Adam Sam Tsemberis ya fara a New York a 1992. A da, sai mutum ya daina shaye-shaye ya kammala magani kafin a ba shi gida. Sabon tsarin ya juya abin: a ba shi makulli, sauran gyara ya biyo baya. Shirin HUD-VASH na haɗin gwiwar ma'aikatar gidaje da ta tsofaffin sojoji, wanda aka kafa a 1992 aka faɗaɗa a 2008, yana ba tsohon soja takardar tallafin haya, ya biya kimanin kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, gwamnati ta cika sauran, a kuma haɗa shi da jami'in jin daɗi. Shirin SSVF, da ya fara aiki a 2011, yana ba ƙungiyoyi masu zaman kansu kuɗi su biya bashin haya ko kafin alƙalami, don kada a kori iyali tun farko.

Takardar tallafi ba gida ba ce, sai mai gida ya yarda ya karɓe ta. Da yawa sukan ƙi, saboda tsoron mai tarihin ɗauri ko bashi, ko don gudun jiran binciken hukuma. Nan 'yan gari ke da tasiri fiye da jami'i: dillalan gidaje, da shugabannin coci da masallaci, da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, su ne ke lallashin masu gidajen da suka sani. Wasu kuma su tara gado da tukwane da barguna, domin wanda ya fito daga titi ɗaki wayam yake shiga.

Bayan shiga gida, kaɗaici kan mayar da wasu titi, inda aƙalla akwai abokan hira. Ƙungiyar nakasassun tsofaffin sojoji ta DAV tana da direbobin sa-kai tun 1987 masu kai mutane asibiti kyauta. Kotun musamman ta tsofaffin sojoji, wadda Alƙali Robert Russell ya buɗe a Buffalo a 2008, tana haɗa kowane wanda ake tuhuma da wani tsohon soja mai sa-kai da zai riƙa tsaya masa.

Iyakar aikin

Ƙidayar dare ɗaya ba ta ganin wanda ke raɓe a ɗakin aboki, kuma mata tsofaffin sojoji, musamman masu 'ya'ya, sukan kauce wa wuraren da masu ƙidaya ke bi. Inda kuma gidajen kansu suka yi ƙaranci, yawan masu sa-kai ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya. A yammacin Los Anjeles akwai fili mai eka 388 da aka ba da kyauta a ƙarshen ƙarni na 19 don zaman tsofaffin sojoji, amma aka daɗe ana ba da hayar sassansa ga wasu harkoki. Tsofaffin sojoji suka kai ƙara, a watan Satumban 2024 Alƙali David Carter na kotun tarayya ya umarci Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta gina ƙarin gidaje na dindindin 1,800 da na wucin gadi 750 a wurin. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara.