Wai me ake nufi da "giɓin lafiya", kuma me ya haɗa shi da ƙwaƙwalwa?

Duk sanda 10 ga Oktoba ta zagayo, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sai ka ji likitoci da 'yan ƙungiyoyi na ta maimaita giɓin lafiya, giɓin lafiya, wasu kuma su ce rashin daidaito a kiwon lafiya. Toh, cuta dai kowa na yi, ba wannan ake nufi ba. Abin da ake nufi shi ne ka ɗauki rukunin mutane biyu, ka ga ɗaya ya fi kamuwa da ciwo, ko ya fi mutuwa, ko ya fi rasa magani, kuma in ka bi diddigi sai ka tarar dalilin yana tattare da inda suke zaune, ko abin da ke aljihunsu, ko kasancewarsu mata, ko yaren da suke ji. Sharaɗin shi ne abu ne da za a iya gyarawa in an so. Tsoho ya fi saurayi ciwon gwiwa, wannan shekaru ne kawai. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 a Arewa maso Yamma, 187 ke rasuwa kafin su cika shekara 5, a Kudu maso Yamma kuwa 62. Ƙasa ɗaya fa. Wannan shi ne giɓi.

Ba mu kaɗai ba ne, a Amurka ma da duk kuɗinsu mace baƙar fata ta ninka farar fata kusan sau 3 wajen haɗarin rasuwa sanadin ciki ko haihuwa.

Inda abin ya fi muni shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi sama da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan lalura ba sa samun magani ko kaɗan. A Najeriya, mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, su ma yawancinsu suna manyan birane, wasu kuma kullum haɗa jaka suke su tafi Ingila ko Saudiyya.

Ka duba mace a ƙauye wadda ta haihu, sati uku ba ta barci, ba ta cin abinci, jaririn ma ba ta son ɗauka, sai ta zauna ta yi shiru hawaye na zuba. Uwar miji ta ce iska ce, wata ta ce sammu ne, a yi hayaƙi a yi tofi a kira mai ruƙiyya. In ma an yarda a kai ta asibiti, ina? Asibitin ƙwaƙwalwa sai Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko Maiduguri, kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ga izinin maigida, ga aikin gona da za a bari, sannan maganin ba na kwana biyar ba ne kamar na zazzaɓi, wata da watanni ake sha, ranar da kuɗi ya yanke ranar magani ya tsaya, ciwo ya dawo, sai a ce ai dama mun faɗa ba na asibiti ba ne. Ita kuwa ma'aikaciyar da ke cikin garin Kaduna da irin ciwon nan ɗin, Keke Napep ɗaya ya kai ta gaban likita.

Maza kuma nasu salon daban. Magidanci ba zai ce yana da damuwa ba, sai dai ciwon kai, faɗuwar gaba, wani zafi na yawo a jiki, mai kemis ya yi ta ɗura masa maganin maleriya da taifot. Ga 'yan gudun hijirar Borno da Zamfara da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ana kai musu shinkafa da tabarma, amma mai zama ya saurare su da Kanuri ko Fulatanci ko Hausa ya yi ƙaranci.

Ni dai ban ga laifin wanda ya fara zuwa wajen malam ba, shi ne a kusa, shi ke jin yarenka, kuma ba ya tambayar kati. Abin da ba za a lamunta ba shi ne mari da bulala, kamar yadda aka gani a unguwar Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa.

A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Madalla da doka, amma takarda ba ta duba mara lafiya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da tsarin horar da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali su fara ba da magani, sai mai tsanani a tura gaba. Abin da ya rage shi ne jihohi su ware kuɗin horon, su kuma tabbata akwai maganin a ɗakin magani na asibitin ƙauye.