An tura ka aiki ƙauye? Ga amsar tambayoyin da aka fi yi mini

Duk lokacin da takardun canjin wurin aiki suka fito a Kaduna, wayata ba ta hutawa. Malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, 'yan bautar ƙasa, duk wanda aka tura wani ƙaramin gari a yankin Soba, Kubau, Ikara ko Kudan sai ya neme ni, don an san na daɗe ina koyarwa a can. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne.

Me zan fara yi idan na sauka?

Kafin ka nemi ɗaki, nemi mutum. Roƙi shugaban wurin aikinka ya raka ka gaban mai unguwa, daga nan a kai ka wurin dagaci. A ƙasar Zazzau haka tsarin yake: mai unguwa na ƙarƙashin dagaci, dagaci na ƙarƙashin hakimi, hakimi kuma yana bin Sarki. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce "ranka ya daɗe", ka faɗi sunanka da garinku da aikin da ya kawo ka. Ka biya ta wurin liman. Ina dagewa a kan wannan saboda tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari, baƙuwar fuskar da ba a san mai masaukinta ba abin zargi ce. Wanda mai unguwa ya ce "wannan baƙona ne" kuwa, da wuya ya kwana da yunwa, kuma ɗakin hayar ma ta hannunsa zai fito da sauƙi. Da ɗan gari kan ci gari.

Wuta da ruwa fa?

Kada ka dogara da wutar NEPA. Ƙaramar sola da za ta caja waya ta kunna fitila ta wadatar. Ruwa na rijiya ne ko na burtsatse, kuma rijiyoyi kan ja baya a watan Maris da Afrilu. Ka tafi da layin waya biyu, ka kuma sa gidan sauro a saman kayanka.

Gaskiya ne da damina mutane ba sa zuwa makaranta ko asibiti?

Akwai ƙamshin gaskiya, kuma a nan ne sabon ma'aikaci ya fi yin kuskure. Garin manoma da gona yake auna lokaci. Ruwa kan sauka wajen watan Mayu, daga nan sai shuka, noman fari, zuba taki, maimai, huɗa. Daga Yuni zuwa Agusta, da an idar da sallar asuba gari ya watse, ba a dawowa sai bayan azahar. Idan ka kira taron iyaye ƙarfe 10 na safe a watan Yuli, kai da kujeru za ku zauna. Ni ma na taɓa yin haka, na yi ta fushi, har wani dattijo ya ce mini, "Malam, ciyawa ba ta jiran a tashi daga taro." Tun ranar na mayar da taro bayan la'asar ko bayan sallar Juma'a.

Wannan lokacin ne kuma rumbu ke yin ƙasa, kuɗi ya tafi wurin taki da 'yan ƙodago, zazzaɓin cizon sauro ya yawaita. Uban da bai sayi littafi ba a watan Agusta ba raini ya yi maka ba. Jira shi zuwa kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, idan masara da waken suya sun shigo gida. Kada kuma ka ɗauka rani hutu ne ga kowa: garuruwan da ke bakin kogin Galma suna komawa fadama noman tumatir da albasa da tattasai.

Albashi zai isa?

Ya fi auki a can, muddin ka iya sayayya. Ka sayi hatsin shekara da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa. Saminaka ta yi suna wajen masara, Giwa da Anchau manyan kasuwannin hatsi ne, Makarfi kuwa rake. Banki yana nesa, masu POS ne bankin gari, kuma wanda ya ga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 ya san amfanin ajiye 'yan canji a hannu.

In yi noma ni ma?

Yi, amma kaɗan a shekarar farko. Za a iya ba ka aron gona ko haya. Ko wanne ne, a yi shi gaban shaidu, a faɗi iyaka da adadin shekaru. Nemi iri mai kyau, kamar masarar SAMMAZ da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa, ka kuma saurari maƙwabcin gonarka, ya fi ka sanin ƙasar. Abu ɗaya nake roƙo: kada gona ta cinye aikin da aka turo ka yi. Yaran ƙauye sun sha ganin malamin da ake nema a aji yana can wurin casa.

Tsaro fa?

Ba duk wuri ɗaya ba ne. Yankin Birnin Gwari da wasu sassan Giwa sun sha fama da 'yan bindiga, har a ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta rufe layukan waya a wasu yankuna ta kuma dakatar da wasu kasuwannin mako. Kafin ka kama hanya, tambayi direbobin tasha da 'yan acaɓa halin da ake ciki a wannan makon. Kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka riƙa sanar da ranar da za ka je karɓo albashi.

In tafi da iyali?

Fara zuwa kai kaɗai na wata biyu ko uku. Ka ga makarantar yara da idonka, ka san nisan babban asibiti mafi kusa da wanda zai iya fito da mota cikin dare idan naƙuda ta taso. Idan waɗannan sun yi, ka ɗauko su bayan kaka, lokacin da hanya ta bushe abinci kuma ya yi araha.