Araha ko inganci: wa ya kamata gwamnati ta ba kwangila?

Wadannan tambayoyi ne da ake yawan yi a majalisa a kauyukanmu na Jigawa, musamman in damina ta wuce ta bar kwalbati a karye da aji ba rufi.

Malam, wai da gaske doka ce tace a ba wanda yafi kowa araha?

A'a, ba haka tace ba. Dokar bada kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin tarayya a Abuja, cewa tayi a ba wanda yafi araha a cikin wadanda aka tantance aka ga sun cika sharudda, kenan mataki biyu ne. Da farko a duba mutum, yana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da shaidar biyan haraji ta shekara 3, yana da injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da injiniyoyi, yana da kayan aiki ko sai ya je aro, ya taba yin irin aikin ya gama? Wanda ya fadi a nan an gama da shi ko nawa ya rubuta. Sai wadanda suka tsallake ake kwatanta kudinsu. Ita wannan dokar ta ayyukan tarayya ce, jihohi kowacce da tata, mu nan ofishin Due Process dake Dutse ne yake sa ido, Kano ma suna da hukumarsu, amma tushen maganar daya ne.

Toh in mutum ya cika takardu kuma ya karya farashi sosai, ba gwamnati ce taci riba ba?

Wallahi sau da yawa asara ce. Dauki misali, injiniyan gwamnati ya kiyasta ginin ajujuwa zai ci miliyan 23, mutum uku suka nema, daya yace 25, daya 22, daya kuma yace 15. Shi mai 15 din a kasuwa daya zai sayi siminti da sauran, tifar yashi kudinta daya, lebura ba zai rage masa ba, toh miliyan 8 din nan daga ina zata fito? Daga jikin ginin zata fito. Buhun simintin da ya kamata a buga bulo 30 da yan kai sai a ja shi ya kai 50 ko fiye, irin bulon da in ka karce shi da makullin mashin sai ka ga yashi yana zuba, rodi mai lamba 12 ya koma 10, harsashi a haka shi iya gwiwa, katako ba a sa masa maganin gara ba, kwano kuma mai laushi wanda iskar farkon damina zata nade. Ana shafa fenti duk ya boye, a zo a yanka kyalle a tafa, bayan damina biyu yara sun koma gindin darbejiya.

Ko kuma ya karbi kudin kafin alkalami, ya kai gini linta ya tsaya, ya fara zarya sakatariya wai kaya sun yi tsada a kara masa, karshe aikin yafi na mai 25 din tsada.

Rijiyar burtsatse tafi ban tausayi. Kasar Dutse da Birnin Kudu da Kazaure akwai dutse a karkashi, ba irin ta Hadeja da Gumel bace, dole ayi awon kasa a gano inda ruwa yake kafin a kafa inji, kuma awon kudi ne. Mai neman rage kashe kudi ba zai yi ba, zai haka da damina ko kaka, yana cin karo da ruwan farko ya tsaya ya dora fanfo, ana shiga bazara sai ka ji tuka-tuka yana kara ba ruwa, yara sun koma daukar jarka zuwa wani gari. Araha bata ado, iyayenmu basu fada a banza ba.

Tunda haka ne me zai hana a manta da farashi a ba gwani kawai?

Nan ma akwai rami, kuma ni wannan yafi bani tsoro. Farashi lamba ce, an karanta kowa yaji. Amma cewa wane yafi iya aiki magana ce ta baki, kuma da ita ake fakewa a ba dan gida ko yaron dan siyasa aiki a kudi ninki biyu. Shi yasa doka tace duk ma'aunin da za'a yi amfani da shi a rubuta shi tun a takardar neman kwangila, kowa ya gani kafin ya shiga, kuma bayan an bude ambulan ba'a kawo sabon sharadi. In ka ji an cire mai araha, tambayar da zaka yi ita ce wane sharadi ya fadi, a ina aka rubuta shi.

Muna jin ana cewa 80 da 20, meye shi?

Wannan yawanci a aikin kwakwalwa ne, kamar zanen gada ko dam ko daukar mai duba aiki, Bankin Duniya ma yana amfani da shi. Ambulan biyu ake kawowa, a fara bude ta kwarewa a bada maki, wanda bai kai makin da aka yanka ba a mayar masa da ta kudinsa a rufe. Ace wani ya samu 90 a kwarewa ya nemi miliyan 10, wani ya samu 75 ya nemi miliyan 8. Mai araha yana da maki 100 a farashi, dayan 80, tunda miliyan 8 kashi 80 ce ta miliyan 10. In ka ba kwarewa kashi 80, farashi 20, na farko ya tashi da 88, na biyu 80. Mai tsadan ya ci, kuma kowa zai iya zama ya sake lissafin da kansa.

Dan kwangilar kauye mai karamin karfi fa, ba'a danne shi ba?

Ana dannewa in aka tsaurara sharadi fiye da aikin. Gyaran aji biyu baya bukatar mai gireda da rola, sharadi ya zo daidai girman aiki.

In an bashi ya gudu fa?

Akwai jingina. A dokar tarayya ana iya neman lamunin banki da bai wuce kashi 2 na farashin ba tun wajen nema, sai lamunin kammala aiki da bai gaza kashi 10 ba, kudin kafin alkalami ma sai da lamuni, sannan akan rike wani abu har a ga aikin ya dau watanni lafiya. Matsalar ita ce a daure a karbo kudin in ya saba.

Mu da ba yan kwangila ba me zamu iya yi?

Bude ambulan a bainar jama'a ake yi, a kira suna a kira kudi, kuma dokar ta tanadi masu sa ido daga waje. Wanda ya nemi aikin tarayya yaga an zalunce shi yana da kwanakin aiki 15 ya rubuta koke ga hukumar da ta bada aikin, in bai gamsu ba ya wuce BPP. Mu kuma a gari, kwamitin makaranta ko kungiyar matasa su je da mai unguwa ko kansila su nemi takardar da aka lissafa kayan aikin, zurfin harsashi nawa, rodi wace lamba, rijiya mita nawa. Sannan a sa magini daya na gari da aka yarda da shi ya rika lekawa ranar haka harsashi da ranar zuba kankare da ranar da ake kirga bututun rijiya, dan wadannan in an rufe su ba mai sake gani, in yaga ba daidai ba a dau hoto da waya a kai wa injiniyan karamar hukuma da ofishin Due Process tun kafin a biya kudin wannan matakin.