Ƙera wuƙa a gida: tambayoyin ɗan koyo

A da, ƙira sana'ar gado ce. In ba a gidan maƙera aka haife ka ba, iyakarka bakin rumfa, kana kallon tartsatsi. Yanzu kuwa akwai masu sha'awar ƙera wuƙar yanka albasa ko ta layya da hannunsu. Ga abubuwan da suka fi tambaya.

Sai na tara kuɗin kayan aiki kafin in hura wuta?

A'a. Murhun ƙira rami ne kawai da iska ke shiga ta gefe. Haƙa shi a ƙasa, faɗinsa kamar taki ɗaya, ka shafe cikinsa da yumɓun da aka kwaɓa da yashi da toka, ka bari ya bushe sarai. Sai ka cusa bututun ƙarfe ta gefe, bakinsa ya leƙo gindin ramin. Iska kuwa, ko zuga-zugin fatar akuya irin na iyaye da kakanni, ko fankar nan da ake juyawa da ƙafar keke, ko na'urar busar da gashi in da wutar lantarki. Kan tsohuwar babbar guduma, in ka kafa shi a kututture, ya ishe ka uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga. Ƙara da masaba mai nauyin kilo 1, da awartaki, da magagari na goge ƙarfe.

Kada ka shafe ramin da siminti, zafi na sa shi fashewa ya watso maka a fuska. Kada kuma ka sa farin bututun ruwa wanda aka shafa wa zinki, hayaƙinsa na kwantar da mutum da zazzaɓi. Kuma a waje ake wannan aiki, ƙarƙashin rumfa, domin gawayi na fitar da iskar guba wadda ba ta da wari.

Wane gawayi?

Maƙera sun daɗe da yanke hukunci: na ƙirya. Yana da nauyi, yana riƙe wuta. In babu, kowane gawayin itace mai tauri zai yi. Farfasa shi ya koma girman goro, ka tara garwashi mai kauri, ƙarfen ya kwanta a tsakiyarsa, ba daidai bakin bututu ba inda iska za ta cinye shi.

Ina da guntun rodi a gida, zai yi?

Zai yi don koyon bugu, amma kada ka sa rai da wuƙar kirki. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri har ya riƙe kaifi shi ne wani sinadari da ke cikinsa mai suna kabon. Ƙarfen walda da ake yin ƙofa da taga da shi kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, ko sau goma ka tsoma shi a ruwa ba zai taurare yadda ake so ba. Rodi kuma ba shi da tabbas, wani ya ɗan yi, wani ko alama. Sifirin ɗin mota yana da kusan kashi 0.6, tsohon magagari kuwa yakan kai kashi 1. Shi ya sa za ka ga maƙera wurin 'yan gwangwan suna ɗaga sifirin suna dubawa. Ni shi na fi so wa ɗan koyo, yana yafe kuskure. Sai dai a duba shi da kyau, wanda ya sha kaya shekara da shekaru yakan zo da siririyar tsaga.

In kana shakkar wani ƙarfe, ɗora shi a injin wasa ƙarfe ka kalli tartsatsin. Mai kabon da yawa tartsatsinsa na farfashewa kamar taurari, maras shi kuwa dogayen layuka kawai zai zubar.

Ta yaya zan san zafi ya isa bugu?

Da ido, shi ya sa rumfar maƙeri take da duhu-duhu. A tsakar rana ƙarfe zai yi zafi fiye da yadda kake gani. Daga ruwan goro zuwa rawaya, nan ake bugu. Da ya koma ja mai duhu, mayar da shi wuta. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma a nan ba karin magana ba ce, bugun sanyi tsaga shi yake yi. In ya yi fari har yana fesar da tartsatsi da kansa, ka ƙone shi, sai dai a yanke wurin.

Fara da fitar da tsini, sannan wutsiyar da za ta shiga ƙota, sannan ka sirance gefen kaifi. Za ka ga wuƙar tana lanƙwashewa ta baya yayin da gefen yake buɗewa. Ba lalacewa ta yi ba, riƙa miƙar da ita kana tafiya. In siffa ta fito, mayar da ita wuta ta yi ja, ka bar ta ta huce a iska, sau biyu ko uku. Sai magagari. Kada ka fitar da kaifi tukuna, bar bakin da kaurin milimita 1.

Ruwa ake tsomawa ko mai?

Nan ne wuƙa take zama wuƙa: za ka mayar da ita wuta, sannan ka tsoma ta da zafinta don ta yi tauri. Nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika. Ƙarfe yana daina kama shi in zafi ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salsiyas. Da ka ga ya daina kamawa, ƙara masa zafi kaɗan, launin ya daidaita daga tsini har gindi, sai ka tsoma a man gyaɗa mai ɗumi, cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi ko da zai kama wuta. A miƙe za ka sa ta, kana motsawa sama da ƙasa. Motsin gefe da gefe karkatar da ita yake yi.

Tsofaffin maƙera da yawa da ruwa suke yi, amma hannunsu ya san sakan nawa. Tawa ta farko a ruwa na jefa ta, na ji "ƙas", na ɗago na ga tsaga tun daga baki har kusan gadon baya. Aikin yini biyu. Baƙin man inji kuma ka bar shi, hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne.

In ta huce, goga magagari a bakin. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ta yi tauri. In ya ci, sake.

To shi ke nan, sai wasawa?

Tukuna. Yanzu tana da tauri amma ba ta da juriya, in ta faɗi a daɓe tana iya karyewa. Sai an sassauta mata. Mai tandar gas ko ta lantarki ya gasa ta a digiri 200 na awa ɗaya, sau biyu. Wanda ba shi da ita ya goge wuƙar ta yi haske, ya ɗora gadon bayanta kan garwashi mara ƙarfi, ya zuba ido. Launi zai fara tafiya daga baya zuwa baki. Da bakin ya yi ruwan zuma, ɗauke ka tsoma a ruwa. In shuɗi ya kai ga bakin, ka wuce gona da iri, kaifin ba zai daɗe ba.

Ƙota fa?

Huda busasshen itace mai tauri, ka dumama ƙarshen wutsiyar kaɗai, bayan ka naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, ka tura ta ta ƙona wa kanta mazauni. Zoben ƙarfe a wuyan ƙotar yana hana ta tsagewa. Daga nan sai dutsen wasa wuƙa da ruwa, gefe-gefe, har ta aske gashin hannu. Irin wannan ƙarfe yana tsatsa, don haka a shanya ta bayan wanki, a shafa mata ɗan mai kafin a mayar da ita kube.