Shin tun asali kowane yaro a Amurka ke karatu kyauta?

An daɗe ana cewa tun kafuwar Amurka kowane yaro ke shiga makarantar gwamnati kyauta. Mai faɗar haka bai yi laifi ba, abin da ake gani yau ke nan. Amma ba haka aka faro ba.

Tsarin mulkin ƙasar bai ma ambaci ilimi ba, jihohi aka bar wa. Massachusetts ce ta fara tilasta sa yara a makaranta a 1852, Mississippi kuwa sai a 1918, ita ce ta ƙarshe.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na baƙar fata. A zamanin bauta, jihohin kudu da dama sun haramta koya wa bawa karatu. Bayan 'yanta bayi aka ware musu makarantu marasa kayan aiki, har kotu ta soke wariyar a 1954, wasu jihohin kuma suka yi shekaru suna turjiya. Yara masu naƙasa sai a 1975 dokar tarayya ta tabbatar musu da gurbi.

In kun ji irin wannan magana, ku binciki shekarar dokar, jihar da ta yi ta, da waɗanda ba ta shafa ba. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.